Iyayen da ba su rungumar ƴaƴansu: ƙaunar ce babu, ko kunya ce ta rufe ta?

Tambayar ta zo ne daga wani magidanci a Yamai, haifaffen Tahoua. Ya ce yana yawan ganin matasan Najeriya a Facebook da TikTok suna ba da labarin cewa iyayensu ba su taɓa rungumarsu ko ce musu suna son su ba, wasu cikin raha, wasu da ɗacin rai. Da ya duba kansa sai ya ga shi ma haka ne. Shi ne ɗan fari, mahaifinsa bai taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ya iya tuna ranar da mahaifiyarsa ta jawo shi jikinta. Yanzu yana da ɗiya ƴar shekara 3, yana ɗaukarta yana mata wasa. Da mahaifiyarsa ta zo daga Tahoua ta gan shi yana sumbatar yarinyar a gaban baƙi, sai ta ce ba shi da ta ido. Yana son ya sani: iyayen Najeriya da namu na nan ba su iya nuna ƙauna ba ne? Hakan na cutar da yaro? Shi kuma yanzu wa zai bi?

Ɗana, aikina shekara da shekaru shi ne koyar da halayyar yara ga masu shirin zama malaman lakwal, wato makarantar boko, da zama da iyayen da ƴaƴansu suka gagare su, don haka tambayarka ba baƙuwata ba ce. Abin da ka bayyana game da iyayenka ba alamar ƙiyayya ba ne. Dokar gidan da aka haife ka ce, kuma ta fi tsanani a kanka don kai ne na fari. Sai dai ba zan tsaya nan in ce ka kwantar da hankalinka ba, domin gidan da ɗiyarka take tashi a ciki ba irin wanda ka tashi a ciki ba ne, kuma a nan maganar take.

Mu fara rage wa kalmar “iyayen Najeriya” faɗi. Ƙasa ce mai mutane fiye da miliyan 200 da harsuna ɗaruruwa. Uwa Bayarabiya takan zauna ta jero wa ɗanta kirarin zuriyarsu tun yana goye, har ya girma yana jin kansa ya kumbura in ta fara, amma ɗan nan shi ne zai kwanta rub da ciki ya gaida ubansa. A ƙasar Ibo uwa takan bar gidanta ta tare wurin ɗiyarta da ta haihu, ta yi mata makonni tana yi mata wanka da girki. Kowa da inda yake saki da inda yake kamewa. Waɗanda labarinsu ya zo ɗaya da naka su ne na Sakkwato da Katsina da Kano da Zariya, domin tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya iyaka ce kawai aka shata, tarbiyyar ɗaya ce. Kuma ba Hausawa kaɗai ba: Fulani sun fi mu tsanani a wannan fanni, Zabarmawa da Buzaye ma kowa da irin tasa kamewar.

Kunyar ɗan fari tana da tushe da mutane ba su cika son faɗa ba. Yarinya ce aka aurar tana shekara 14 ko 15, ta koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a ɗakin uwarta, ubanta yana zaure. Jaririn nan shi ne shaida ta farko a idon duniya cewa ta san namiji. In ta rungume shi tana murna a gaban waɗanda suka haife ta, kamar tana shelar abin da ya kamata ta sunkuyar da kai a kansa ne. Shi ya sa take kawar da fuska, ba ta kiran sunansa sai “yaron nan” ko “kai”, wata ma sai an yi mata faɗa kafin ta ba shi nono in da mutane a ɗakin. Uban ma haka, a wasu garuruwan ranar suna nemansa ake a rasa. Wannan ba sabon abu ba ne. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Kano da Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, ta bayyana wannan kunya a matsayin abin da kowace mace ta sani ba sai an koya mata ba. Kuma auren wuri da ya haifi al'adar bai gushe ba: binciken lafiya da yawan jama'a na Nijar na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata matasa an aurar da su kafin su cika 18.

Ka lura da abu ɗaya, kunyar tana sassautawa da kowace haihuwa. Na biyu ana ɗan kiran sunansa, na huɗu ana masa tawai, kafin a kai ga auta an saki jiki gaba ɗaya, ya zama shalele, yana hawa cinyar tsohon da kai ba ka isa ka zauna tabarma ɗaya da shi ba. Ka tambayi autanku yadda ya san mahaifinku, za ka ji kamar wani mutum dabam yake ba ka labari. Mutumin da bai iya nuna so ba, ba zai iya a kan auta ba. Matsayinka ne ya ɗaure masa hannu.

Tushe na biyu shi ne mutuwa da tsoron baki. A binciken 1992, cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar 318 ba su kai shekara 5 ba. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Zuwa 2012 adadin ya sauko 127, a Najeriya kuwa binciken 2018 ya ba da 132. Mahaifiyarka ta yi ƙuruciyarta ne a zamanin adadin farko. Matan lokacin sun binne ƴaƴa, sun ga maƙwabta sun binne, kuma sun yi imani ido da baki suna kama yaron da ake yawan yabawa. Shi ya sa ba a cewa jariri kyakkyawa ne sai an haɗa da tubarkalla, shi ya sa mace mai wabi take sa wa ɗanta Ajuji ko Ayashe, sunan da ke nuna kamar ba a damu da shi ba, ko Barmani, wanda roƙo ne tsagwaronsa. Uwar da ta sa wa ɗiyarta Ayashe ba yashe ta take son yi ba, ɓoye ta take yi. Ko ka yarda da kambun baka ko ba ka yarda ba, dole ka ga cewa wannan ɓoyon daga tsananin so ya fito.

Na uku, gidan mata da yawa. Magidanci mai ɗaki uku ko huɗu in ya ɗauki ɗan ɗaki ɗaya ya yi masa wasa, kafin magariba maganar ta zagaya gidan, kuma yaron ne zai biya a hannun ƴan uba. Da yawa daga dattawanmu sun ga ba za su iya raba fara'a daidai ba, sai suka hana kowa. Ita ma uwa, a gidan da ake zaman mutunci, kara take yi: in yara suka yi faɗa nata take duka, in tana rabon ƙosai ɗan kishiya take fara ba. Karin maganar da ke cewa ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi, daga irin wannan gida ta fito, kuma a cikinsa tana da ma'ana.

To amma ga abin da masu ba da labari a intanet suke tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Al'adar da ta hana uwa da uba nuna so a fili ba ta bar yaro haka nan ba. Ta ɗora aikin a kan wasu. Kaka mace tana kiran jikanta namiji mijinta, tana ce masa ya kawo kuɗin cefane, jikanya kuwa kishiya ce da ake tsokana kullum. Kaka namiji yana ce wa jikanyarsa amarya. A ɗakin kaka ake ɓoye wa yaro ɗumame da alewa, can yake gudu in an biyo shi da bulala, kuma babu mai bin sa ciki. Gwaggo tana nan, kawu yana nan, kishiyar uwa sau da yawa ita ke goyon ɗan farin amarya, kuma in lokacin yaye ya yi wurin kaka ake kai shi, wani ma ba ya dawowa sai aure. Ga taubasai da sauran abokan wasa (wannan wasan dangi na Nijar har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014). Ɗan fari, wanda iyayensa suka fi kamewa da shi, shi ne ya fi kowa gata wurin kakanni. Ka tuna da kyau, ɗana. Ina kyautata zaton akwai wata tsohuwa a Tahoua da ta kira sunanka har da ƙari, ta yi maka kirari, ta tauna maka goro ko gyaɗa ta sa maka a baki.

Masu bincike da suka zauna a gidajen Hausawa sun ga haka da idonsu. Robert Marvin tare da Robert LeVine da Sarah LeVine da abokan aikinsu sun bi jarirai a wani garin Hausawa na arewacin Najeriya, suka buga sakamakon a 1977. Sun tarar kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu a gidan, kuma wadda ya fi shaƙuwa da ita ita ce wadda ta fi ɗaukarsa, ko ita ta haife shi ko ba ita ba. Kafin su, Mary Ainsworth, wadda kusan duk ilimin shaƙuwar jariri da uwa ya ginu a kan aikinta da na John Bowlby, ta yi bincikenta na farko ne a Uganda a 1954 da 1955, inda ta lura sumba da runguma irin ta Turawa ba al'adar mutanen ba ce, amma yawancin jariran sun shaƙu da iyayensu mata lafiya lau. Abin da jariri yake bukata shi ne in ya yi kuka a zo, in ya ji tsoro a ɗauke shi. Kuma a nan namu ba su da abin jin kunya a gaban kowa. Jaririn Bahaushiya yana bayanta ko bayan wata yini guda, yana kwana a jikinta, yana shan nono duk sa'ad da ya nema har kusan shekara 2. Fuskarta tana kallon wani wuri, amma fatarsa tana manne da tata.

A ganina raunin tarbiyyarmu ba a goyo yake ba, bayan yaye yake farawa, kuma ya fi faɗa wa ƴaƴa maza. Ɗiya mace tana nan gindin murhu da uwarta, ana mata kitso, ana hira ko da faɗa-faɗa ne, hannu yana taɓa ta. Namiji kuwa daga shekara 7 an fara tura shi waje, kwana a zaure ko shago, wani a kai shi almajiranci wani gari. Daga nan babu mai taɓa jikinsa sai da bulala. Uba ya zama wanda ake kai wa ƙara, “bari babanka ya dawo” ita ce kusan duk dangantakar. Yaran da malamai suke kawo mini don taurin kai, mafi yawansu ƴan wannan shekarun ne, kuma in ka tambayi yaron yaushe rabon da babansa ya zauna da shi ba don laifi ba, sai ya yi ta kallon ƙasa.

Yanzu dubi gidanka. Ciki da falo ne na haya a Bukoki ko Wadata, kai da matarka da yarinya. Kakarta tana Tahoua, fiye da kilomita 500, tana zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara. Gwaggo tana Maraɗi ko Agadas. Maƙwabta kowa ya rufe ƙofarsa. Mai goyon yarinyar in kun fita aiki wata ƴar aiki ce wadda ita kanta yarinya ce, kuma bayan wata shida an canza ta. Kunya ta biyo mu birni, kaka ta tsaya ƙauye. In kai da matarka kuka riƙe rabonku na al'adar, wato kamewa, alhali masu ɗauke da ɗaya rabon ba su nan, yarinyar za ta sami rabin tsarin ne kawai, kuma rabin mai sanyi. A Adar ma, wato ƙasar Tahoua, da kakannin suke kusa, wani giɓin ne ya buɗe: uba yana Abijan ko Libiya ko Aljeriya wurin bida, shekara biyu ko uku bai zo ba, yana turo kuɗi, in ya kira waya da uwar yake magana, yaro sai dai a ce masa babanka yana gaishe ka. Ranar da ya dawo kuma kunya ta hana shi jawo yaron da bai san fuskarsa ba.

Akwai wani abu kuma da ya canza. Ronald Rohner, wani masani a Amurka da ya kwashe shekaru da dama yana kwatanta al'ummomi a kan wannan batu, ya nuna cewa abin da ke tasiri a kan yaro shi ne ko shi yaron yana jin an karɓe shi ko an ture shi. Hanyar nunawa tana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ciwon jin an ƙi ka ɗaya ne ko'ina. Yaron Tahoua na zamaninka ya iya karanta alamun gidansu. Ya san ma'anar uba ya rage masa tuwo a kwanonsa, ko ya dawo da dare da tsire a takarda ya ce a tashe shi, ko ya sayar da akuya don kayan lakwal, ko ya dafa kansa ya ce Allah ya yi maka albarka. Kuma duk abokansa haka iyayensu suke, babu wanda zai kwatanta da shi ya ga an rage masa. Yaron Yamai na yau yana ganin uban ɗan ajinsu ya durƙusa a ƙofar lakwal ya rungume shi, yana ganin fina-finai, yana da waya a hannu. Shirun da kai ka karanta a matsayin girma, shi yana iya karanta shi a matsayin ba a damu da shi ba. Ba laifinsa ba ne, da abin da ya gani yake awo.

Dole kuma in raba abu biyu da ake cakuɗawa, domin a nan nake saɓawa da masu kare al'ada ido rufe. Kunya dabam, zafin hali dabam. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta yi da UNICEF a 2021 ya nuna kusan yara 9 cikin 10 masu shekara 1 zuwa 14 an hore su da duka ko tsawa da zagi a cikin watan da ya gabaci binciken, kuma duk wanda ya zauna a unguwanninmu ya san ba mu da bakin yi musu dariya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne muna jin kunyar yaba yaro a gaban mutane, amma ba mu jin kunyar ce masa ɗan banza a gaban mutanen nan. Bakin da ya yi nauyi wurin sa albarka ba ya nauyi wurin cewa ba za ka yi albarka ba. In kunya ce da gaske, ai ta kamata ta kama harshe ta ɓangarorin biyu. Cikin matasan da kake karantawa, wasu kunya ce kawai ta shiga tsakaninsu da iyayensu, kuma su ne masu ba da labarin suna dariya. Wasu kuwa an wulaƙanta su ne, an nuna musu bambanci, an doke su har da tabo. Waɗannan bai kamata a rufe musu baki da cewa ai haka iyayenmu suke nuna so ba.

Game da addini maganar a sarari take, kuma na san ita Hajiya mahaifiyarka za ta fi saurara. A Bukhari da Muslim, Aƙra'u ɗan Habis, ɗaya daga shugabannin Banu Tamim, ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Da alfahari ya faɗa, irin na dattijon da yake ganin hakan girma ne. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Wani zai ce ai Hasan jika ne, mu ma muna wasa da jika. To Fatima fa? Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Nana A'isha cewa in ta shigo yakan miƙe ya tarbe ta, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa, kuma a lokacin matar aure ce. Ya yi sallah yana ɗauke da Umama, ɗiyar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta, a gaban jama'a. Ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Tsoron dattawanmu na fifita wani ɗa shi ma yana da asali, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya umarci a yi adalci tsakanin ƴaƴa, kuma surar Yusuf ta nuna inda kishin ƴan uba yake kaiwa. Amma abin da aka ce shi ne a daidaita, ba a ce a hana kowa ba. Saboda haka kunyar ɗan fari al'ada ce, mai dalilai da na lissafa maka, ba hukuncin addini ba ce.

Sai dai kada ka ɗauki hadisan nan ka je ka kafa wa mahaifiyarka hujja. Ba za ka ci riba ba, kuma ba ka fahimci abin da ya ɓata mata rai ba. A idonta ka yi abu biyu: ka nuna ɗokin ɗiyar fari a gabanta ita da ta haife ka, kuma ka shiga aikin da nata ne. Wasa da yarinyar nan haƙƙin kaka ne, ta yi tafiyar yini guda don ta same shi. In tana gidan, ko wasu manya suna zaune, ka miƙa mata kishiyarta ka koma gefe, babu abin da zai ragu a jikin yarinyar cikin mako biyu, sai ma ƙaruwa. In ta koma Tahoua ka ci gaba da abinka. Wannan ba munafunci ba ne, sanin wuri ne, kuma ita kanta yarinyar yana da kyau ta tashi ta san akwai yadda ake zama gaban manya. In Hajiya ta sake tayar da maganar, ka ce mata cikin ladabi ita ce ta yi nisa, kana riƙe mata ne kafin ta zo. Da wuya tsohuwa ta ji haka ba ta yi dariya ba.

Ita yarinyar kuwa, ka ɗauke ta, ka kira sunanta, ka ci abinci da ita, ka saurari surutunta ko ba shi da kai. Na san “ina son ki” yana yi wa da yawa nauyi, domin a kunnenmu maganar saurayi da budurwa ce. Ga ƴar shekara 3 ba ta da wannan nauyin, in ka iya ka faɗa. In ba ka iya ba, muna da namu da ba su gaza ba: Allah ya yi miki albarka, kin kyauta, na ji daɗin abin da kika yi, sannu ƴar albarka. Abin da nake roƙon iyaye kullum shi ne su ambaci aikin da yaron ya yi, kada albarkar ta zama ta ranar Salla kawai. Kuma kada ka ji tsoron masu cewa za ka sangarta ta. Ba runguma ke sangarta yaro ba, rashin iyaka ne, wato a ce a'a da safe a koma i da rana don ya yi kuka. Tun binciken Diana Baumrind na shekarun 1960 ake samun abu ɗaya: yaran da suka fi daidaita su ne na gidan da aka haɗa taushi da doka tsayayya. Kuma in Allah ya ba ka namiji, kada ka janye hannunka ranar da ya shiga lakwal. A lokacin ne kowa yake janyewa.

Mahaifinka kuma, ban ba ka shawarar ka je ka rungume shi ba zato kamar yadda ake yi a bidiyo ana ɗauka ba. Za ka kunyata shi, kai ma ka dawo da ciwon da ya fi na da. Kada kuma ka zaunar da shi ka tambaye shi dalilin da bai taɓa kiran sunanka ba, ba shi da amsar da zai iya furtawa. In kana son ka san matsayinka a wurinsa, ka tambayi gwaggonka ko amininsa na majalisa abin da yake faɗa a kanka in ba ka nan. Irin waɗannan dattawa a bayan ido suke yabo. Sa'an nan in ka je gida ka zauna kusa da shi bayan la'asar, ka tambaye shi labarin gonar kakanku, ko tafiyarsa ta farko bida, ko yunwar 1984 da yadda aka yi aka fita. Tsoho da ba ya iya magana a kan zuciyarsa yana iya magana a kan shekarar fari har dare, kuma a cikin labarin za ka ji abin da aka sayar da wanda aka hana kai don kai ka ci. In za ka taso ka roƙi albarka da bakinka. Amma in abin da ke ranka ya wuce rashin kiran suna, in akwai duka ko wulaƙanci da har yau yake hana ka barci ko yake sa hannunka saurin tashi a kan iyalinka, wannan ba na majalisa ba ne. Akwai masana halayyar ɗan Adam a manyan asibitocin Yamai, ka je ka gan su.

Akwai lokaci ɗaya da nake son ka sa wa ido tun yanzu, wato ranar da matarka za ta sake haihuwa. A tsarin da, yarinyar da aka yi wa ƙane takan koma ɗakin kaka, a can ake lallashinta har ta manta an karɓe mata baya. A gidanka babu wannan ɗakin. Uwar za ta shiga jego, baƙi za su cika gidan kowa yana tambayar jariri, ita kuma za ta fara fitsarin kwance da ta daina, ko ƙiwuya, ko tsungulin jaririn in ba a kallo. Ba iskanci ba ne, kuma duka yana ƙara shi. Makonnin nan kai ne za ka yi mata wanka, ka kai ta kanti, ka kwantar da ita, kuma in masu barka sun zo ka ce su fara gaida yaya.